Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Gombe: A Ba Mu Gona A Madadin Gona

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara lafiya, ya taya ka riƙo.

Ni manomi ne ɗan manomi, ɗaya daga cikin waɗanda aka karɓe wa gonaki domin aikin raya ƙasa. Ba mu ƙi aikin ba. Ranar da tawaga ta sauka ƙofar gidan dagacinmu, mu muka shimfiɗa musu tabarmi, kuma a gaban dattawa suka yi alkawarin babu wanda zai kwana da yunwa saboda wannan aiki. Yau damina biyu ke nan.

Da rani masu awo suka zo, bayan an gama girbi, ba su tarar da komai a gonarmu ba sai kara da ƙura. Suka ƙirga dorawa huɗu, tsamiya biyu da kuka ɗaya, suka rubuta, suka kafa duwatsun siminti, suka tafi. Kuɗin itatuwan nan bakwai shi aka kira diyya. Ita kuwa ƙasar da kakana ya sare da hannunsa, wadda muke kai wa takin shanu a kan jaki duk shekara, take cika mana rumbu biyu na dawa ban da wake, babu wanda ya yi mata kuɗi.

Da na ɗaga murya, wani jami'i ya ce haka doka ta tanada: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma ta shuka ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Na yarda. Amma dokar cewa ta yi amana ce ka riƙe wa jama'a. Sashe na 6 kuma ya ce idan an karɓe gonar da mutum yake nomawa bisa al'ada, ƙaramar hukuma ta ba shi wata ya noma. Don me ake karanta mana rabin da ya ɗauke gonar, a ɓoye rabin da zai mayar mana da ita?

Kuɗin bai kai wata biyar a hannu ba, hatsi muka saya da shi muka ci. Yanzu gonar haya nake nomawa a ƙauyen maƙwabta, kuma tunda masu nema sun yi yawa, kowace shekara sai mai ita ya ƙara kuɗi. Ƙanina da yake kai buhunansa Tudun Hatsi ya sayar, yau dakon buhunan wasu yake yi a kasuwar. Mahaifiyarmu da kalwar dorawan nan take yin daddawa, da ita ta yi wa ƙannenmu mata kayan ɗaki. Sunanta bai shiga takarda ba, na maza aka rubuta. Ranar da katafila ta tuge dorawan, ta yini ba ta ce uffan ba.

Waɗanda suke noma gonar aro kuwa ko sisi ba su gani ba. Burtalin shanu ma ya toshe, mun fara kallon hadarin kaji da maƙwabtanmu Fulani. Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a 2022 nake tunanin manoman ƙaramar hukumar Akko da ke yankin, kada wata rana su ma a auna nasu da rani.

Ranka ya daɗe, don girman Allah ka turo wanda zai zauna da mu, ba da dagaci kaɗai ba. A sake duba takardar sunaye, a sa mata da masu aro. A umarci ƙaramar hukuma ta yanka mana fili inda za mu iya zuwa da ƙafa, kafin ruwan shuka ya sauka. Irin dawata yana nan a ajiye, na yayyafa masa toka.

Wassalam,
Wani manomi daga Jihar Gombe