Sanarwa kan ziyarar Samarkand

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga masu niyyar tafiyar Uzbekistan, an tsayar da shawara cewa Samarkand za mu fi daɗewa. Daga Tashkent, babban birnin ƙasar, jirgin ƙasa mai gudu, Afrosiyob, yana kai mutum cikin awa biyu da ɗoriya, amma tikitinsa kan ƙare da wuri, don haka kowa ya tabbatar da sunansa kafin Juma'a.

Za mu fara da dandalin Registan, inda makarantu uku ke fuskantar fili ɗaya. Mafi tsufa ita ce ta Ulug Beg, jikan shahararren sarkin yaƙi Timur, wadda aka kammala a 1420. Ulug Beg sarki ne masanin taurari, har ya gina wurin nazarinsu a gefen gari. Ni dai ina ganin bai kamata mu tsallake shi ba.

Abin da ya fi jan zuciyata shi ne ƙauyen Hartang, kimanin kilomita 25 daga birnin, inda aka binne Imamu Buhari a shekara ta 256 bayan Hijira. Malam Liman, don Allah a shirya mana ɗan tarihin Imamin.

A riƙo rigar sanyi da takalmi mara tsini. Allah ya kai mu lafiya.