A sassauta dokar fili, haya ta sauko a Accra

Malam Edita,

Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata 6, amma a unguwannin Nima da Mamobi sau da yawa sai ka dire na shekara 2 kafin a miƙa maka makulli. Ɗakuna ne suka yi kaɗan, shi ya sa. Iyali guda a ɗaki ɗaya, tabarma har bakin ƙofa, yayin da fili mai ƙafa 70 da 100 a unguwannin masu hali ke ɗauke da gida ɗaya tal.

Dokar tsara filaye ta 2016 ta ba majalisun gundumomi ikon gyara wannan. A yarda a raba fili biyu, a gina bene mai hawa 3 na ciki da falo, da sharaɗin magudanar ruwa da bayan gida a kowane hawa. A kuma gaggauta ba da izinin gini, domin jinkirinsa ke tura mutane gini a bakin kwata, damina ta zo ta ci su.

Wasu masu safiyon fili, Accra