A Yi wa Jariri Takardar Haihuwa da Lambar NIN Kafin Maijego Ta Tafi Wanka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin 'yan uwana Hausawa mazauna Legas, na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, kan wani aiki da muke yi wa riƙon sakainar kashi, wato samar wa jariri lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Mukan sayi rago, mu raba goro da dabino, a raɗa suna ranar bakwai, shi ke nan a gurinmu an gama. Alhali a idon hukuma yaron bai da suna tukuna.

Hukumomi biyu ne ke da hannu a aikin, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, NPC, mai ba da takardar haihuwa. Ta biyu ita ce Hukumar Shaidar Ɗan Ƙasa, NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, mai ba da lambar NIN, alƙaluma 11 da mutum zai riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Da takardar NPC ake farawa. 'Yar takardar da asibiti ke bayarwa ranar sallama shaida ce kawai cewa an haihu a can, ba ita ce takardar haihuwa ba. Haka ma katin LASRRA na gwamnatin Legas, rajistar mazauna jiha ce, ba ya maye gurbin NIN.

Dokar rajistar haihuwa ta 1992 ta ce a yi rajista cikin kwana 60, kuma a wannan tsakanin kyauta ne. A nan al'adarmu ke yi mana cikas. Da an yi suna, musamman a haihuwar fari, sai a sa maijego a mota zuwa Kano ko Katsina ko Sakkwato wankan gida. Arba'in ta wuce, a ƙara wata guda na ganin dangi, kafin ta dawo wa'adin ya cika. Ita tana can da jariri, uba yana nan da takardar asibiti a aljihu. Shawarata a yi rajistar a makon da ya biyo bayan suna, kafin a ɗaura kaya. Jami'an NPC suna zama a sakatariyar ƙananan hukumomi da manyan asibitocin gwamnati da cibiyoyin lafiya da yawa na unguwa inda ake rigakafi. A tafi da takardar asibiti ko katin rigakafi, da lambar NIN ta iyaye. Wanda aka haifa a gida a hannun ungozoma shi ma ana yi masa, katin allurar farko ya isa ya nuna ranar haihuwa.

Tun da aka ƙaddamar da rajistar haihuwa ta na'ura a watan Nuwamban 2023, an haɗa aikin NPC da na NIMC, ta yadda rajistar za ta iya fitar wa yaro da lambarsa. Don haka idan an karɓi takardar a duba ta sosai, a kuma tambayi jami'in ko NIN ta fito. In ta fito, kada a sake zuwa wani wuri yin sabuwa. Rajista sau biyu laifi ce, kuma warware ta wahala ce babba. In ba ta fito ba, sai a nufi cibiyar NIMC, ko babban ofishinsu na Alausa a Ikeja ko wanda ke ƙaramar hukuma mafi kusa.

Abin da ake buƙata a can bai da yawa: jaririn da kansa, domin za a ɗauki hotonsa, takardar haihuwarsa ta asali, da uba ko uwa ko mai riƙo ɗauke da takardar NIN tasa, saboda lambar duk yaron da bai kai shekara 16 ba ana jingina ta ne da ta babba. Mutum ɗaya ya wadatar, amma wanda ba shi da NIN ba zai iya tsaya wa ɗansa ba. Matanmu da yawa na cikin gida ba su da ita, ya kamata maigida ya kai iyalinsa a yi mata tun tana da ciki. Ba a dogara da zanen yatsun jariri domin bai fito ba, shi ya sa in yaro ya cika 16 ake komawa a ɗauki yatsunsa da sabon hoto, lambar kuma tana nan yadda take. Bayan rajista za a ba da takarda mai lambar bibiya, da ita ake komawa karɓar ta NIN, kada a yar. Rajistar farko kyauta ce a dokance, kuma 'yan "kawo in yi maka" da ke bakin ƙofa ba ma'aikata ba ne.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato suna. A Legas mai buga bayanan a kwamfuta galibi ba Bahaushe ba ne, zai rubuta abin da kunnensa ya saba ji. Ka ce A'isha ya rubuta Aishat, ka ce Amina ya ƙara mata t a ƙarshe. Muhammad kuwa yana da rubutu ya fi biyar: Muhammadu, Mohammed, Muhammed, Mohammad, Mamman. Kwamfuta kowanne mutum daban take ɗaukarsa. A rubuto sunan da manyan baƙaƙe tun daga gida, a miƙa wa jami'in, sannan a karanta abin da ya buga kafin ya tura. Wanda bai iya boko ba ya tafi da wanda ya iya, ba abin kunya ba ne. Sunaye irin su Sa'adatu da Isma'ila da Ƙasimu, a tsayar da rubutu ɗaya a bi shi a kowace takarda. Kuma sunan yanka za a bayar. Abba da Ummi da Walida na alkunya ne, a bar su a gida.

Sai sunan da ke biye. Mu mun saba yaro ya ɗauki sunan ubansa, Musa ɗan Garba ya zama Musa Garba, shi kuma uban a takardarsa Garba Sule ne, ko Garba Ɗanbatta. Fom ɗin hukuma yana neman sunan zuri'a guda. Uba ya yanke shawara tun a ɗan fari, ya bi tsari ɗaya ga duk 'ya'yansa, domin ranar neman fasfo ko biza za a jera takardun uba da na ɗa a gwada. Haka wurin haihuwa da jihar asali gurbi biyu ne daban. Wanda aka haifa a Agege a rubuta Agege, asalin uba kuma a rubuta Jigawa ko Zamfara a nasa gurbin. Ranar haihuwa ma ta kalandar boko ake so, "daren sha biyar ga azumi" ba ya shiga kwamfuta, kuma kada a bari jami'i ya cike da 1 ga Janairu.

Kuskuren da aka bari yau, kuɗi da zirga-zirga zai ci gobe. A farashin da NIMC ta fitar a 2025, gyaran ranar haihuwa kaɗai ya haura naira dubu 28, ban da rantsuwar kotu da sauran takardu. Kuma ba a gano matsalar sai lokacin da ake sauri: JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista ba tare da NIN ba tun 2021, hukumar shige da fice ma ba ta ba da fasfo sai da ita, ko da na jaririn da za a tafi da shi Umara ne.

Ina kira ga Sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da shugabannin kasuwanni su nemi NPC da NIMC su riƙa turo ma'aikata fada ko harabar masallaci a wata rana sananniya, tare da matashi mai jin Hausa da zai zauna kusa da mai bugawa. Limamanmu kuma, bayan an shafa fatiha a wurin suna, su tuna wa uban jariri cewa kwana 53 suka rage masa.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas