A Zaɓa wa Yaro Diyabolo Daidai da Ƙwarewarsa

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin iyayen da ke saya wa 'ya'yansu diyabolo, abin wasan nan mai asali daga ƙasar Sin, mai siffar kofuna biyu da aka haɗa gindinsu da ƙarfe a tsakiya, wanda ake wulwulawa a kan zaren da aka ɗaure tsakanin sanduna biyu. Da yawa suna ɗaukar ƙarami saboda yaron ƙarami ne, alhali ƙaramin ya fi wuyar sarrafawa, domin rashin nauyi yana sa shi karkacewa ya sauka daga zaren. Mai koyo ya fi bukatar babba, mai faɗin kamar santimita 13, wanda aka yi kofunansa da roba mai laushi, tunda zai sha faɗuwa a kan siminti.

Ƙarfen tsakiya kuwa iri biyu ne. Mai boris yana daɗewa yana juyawa, amma gefe guda kawai yake bi, kuma ya fi tsada. A ganina gara a fara da marar boris, domin shi ke tilasta wa hannu koyon ƙara gudu da daidaita karkata. Zaren kuma kada ya wuce tsayin yaron daga ƙasa zuwa kafaɗa.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano