Wasiƙa zuwa ga Malam Sabo kan zancen Nura da aikin soja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina Malam Sabo, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da yadda kuke fama da ruwan Fatakwal. Mu nan gefen Birnin Kudu sai godiya. An yanke gero, riɗi ma ya yi kyau bana. Liman da Mai Unguwa suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso ni. Ka ce Nura ya kafe sai aikin soja, kai kuma tun ranar da ya nuna maka wani fim a waya hankalinka bai kwanta ba, har kana tambayata, ni da na sa kaki na ajiye, ko da gaske haka ake yi wa kurata. Magana ce da katin waya ba zai ishe ta ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Daga yadda ka kwatanta na gane fim ɗin. Full Metal Jacket ne, na shekarar 1987, yaran gidan kallon bakin kasuwarmu sun sha sa shi. Mutumin da ya fito a sajan mai ihun nan, R. Lee Ermey, tsohon sojan rundunar Marin ta Amurka ne, kuma ya taɓa horar da kurata da gaske kafin ya shiga fim. Shi ya sa tsayuwarsa da muryarsa ba su yi kama da wasa ba. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a gaban sajan zai ji wannan muryar har cikin ƙashinsa. Askin ranar farko gaskiya ne, a yi maka tal kwabo ka dubi na kusa da kai ka kasa gane ɗan birni da ɗan ƙauye. Ihu gaskiya ne. Gwale-gwale da tsallen kwaɗo gaskiya ne. Haka ma mutum ɗaya ya yi laifi a hukunta ayari duka, wannan ba ƙari a ciki.

Amma akwai inda fim ɗin ya bar hanya. Ka tuna wurin da kurtun nan ya ɓoye harsasai ya harbe sajan a banɗaki cikin dare? Ban ce ba a taɓa yin ɓarna a bariki ba, amma wanda ya san filin harbi ya san wahalar hakan. Da lissafi ake ba ka harsashi. In an gama, kowa zai durƙusa ya tsince kwanson da ya faɗi, a zuba a ƙirga a gaban hafsa. Ina tuna wata rana da kwanso guda ya ɓace mana. Rana ta take, ƙishirwa ta ishe mu, muka jeru kafaɗa da kafaɗa muna rarrafe, muna tona yashi da yatsu, muna ɗaga ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ga abinci sai da wani yaro ɗan Binuwai ya tsinto shi a gindin ƙaya. Bayan nan aka laluba aljihun kowa, aka duba kowace bindiga. Sannan a fim kusan mutum ɗaya kake gani yana juya kurata yadda ya ga dama. A zahiri masu horarwa da yawa ne a kan ayari guda, sama da su akwai samanja, akwai hafsoshi, akwai likita.

Batun duka kuwa, wanda na san shi ya fi tsaya maka a rai, ba zan rufe ka ba: akan sami mai horarwa mai saurin hannu, a kowace ƙasa. Sai dai doka ba ta tare da shi. A can tsibirin Parris, sansanin horar da kuratan Marin a Amurka, inda aka gina labarin fim ɗin, a watan Afrilun 1956 wani sajan mai suna Matthew McKeon ya kora kurata cikin wani rafi da dare don ya hora su, shida suka nutse. Kotun soja aka kai shi, kuma abin ya sa suka sake tsarin horonsu, suka ƙara sa ido a kan masu horarwa. A 2020 ma sojan ƙasa na Amurka ya daina al'adar nan ta a yi wa sabbin kurata rubdugu da ihu ranar da suka sauka daga mota. Su da kansu sun gane cewa firgita yaro daban, koya masa aiki daban.

Abin da ya fi damuna da finafinan nan shi ne abin da suke tsallakewa. Horon Marin a yau mako 13 ne, namu na sojan ƙasa wajen wata shida, mai fim kuwa minti arba'in da 'yan kai gare shi. Dole ya zaɓi ihu da kuka da jini, ya bar sauran. Sauran nan kuwa shi ne aikin. Tashi tun kafin kiran assalatu. Shara, wanki, gugar kaki har karinsa ya tsaya, goge takalmi har ka ga fuskarka a ciki. Kwance bindiga a mayar, a sake kwancewa a mayar, har hannunka ya iya ko da ido a rufe. Jira a layin abinci, jira a filin fareti, ƙuda ya sauka a leɓenka ba ka da ikon korarsa. Gadin dare, kai kaɗai da sauro, ba mai ganinka, barci na fizgarka, kuma ka ƙi zama. Wa zai biya kuɗin gidan kallo ya ga mutum yana goge takalmi? Amma can ne ake gane wanda zai yi soja. Yawancin waɗanda na ga sun sare, ba tsallen kwaɗo ne ya kore su ba, maimaicin nan ne da rashin barci da kewar gida.

Hukuncin gama-gari ma ba su nuna ƙarshensa daidai ba. A fim, abokan raggon kurtun da ke jawo musu hukunci sun taru sun jibge shi da sabulu a cikin tawul. Abin da na fi gani da idona shi ne akasin haka: idan an gaji da shan wahala saboda mutum ɗaya, sai wani ya tashi da dare ya koya masa ɗinkin maɓalli, wani ya karɓar masa jaka a gudun safe. Kamar gayyar noma ce, ba a tashi sai kunyar kowa ta fita. Dalilin ke nan da ake yin hukuncin, don ranar da wuta ta buɗe kada ka bar ɗan'uwanka a baya.

Ga inda nake jin tsoro, Malam Sabo. Samarinmu suna karɓar finafinan nan wurin masu turawa a waya, wasu har an fassara su da Hausa, sai su ɗauka soja shi ne mai tsawa da mari. Wanda ya shiga da wannan tunanin, in ya fito aka ajiye shi a shingen bincike, sai ya sa dattijo sa'an ubansa tsallen kwaɗo a gefen titi, yana ganin ya burge. Wallahi duk lokacin da na ga haka raina ɓaci yake yi. Horon da aka ba mu na riƙe kai ne: yatsanka na kusa da kunamar bindiga, ana zaginka, kuma ba za ka taɓa ta ba sai da umarni. Tsofaffin da suka yi yaƙin Bama a lokacin yaƙin duniya na biyu, waɗanda muka tarar muna yara, ka tuna yadda suke da sanyin magana? Barikin Chindit da ke Zariya, inda Daffo, wato makarantar horar da kurata, yake, daga wancan yaƙin ya samo sunansa.

Don haka ka zaunar da Nura ka tambaye shi abin da yake nema a ciki. In kaki ne da ban tsoro, ka hana shi. In ya ce aikin yake so, to ka gwada shi da ƙananan abubuwa: ya riƙa tashi da asuba ba tare da an tashe shi ba, ya yi gudu, ya wanke kayansa, ya yi abin da Hajiya ta sa shi ba musu. Kuma ka gaya masa abin da ke biyo bayan horon Zariya, domin yaran da ake yayewa yanzu da yawa Borno ko dazukan Zamfara ake tura su. Wannan ya kamata ku yi shawararsa da mahaifiyarsa tun yanzu. Cike takardar neman shiga ta intanet ake yi, kuma kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sama masa gurbi, ɗan damfara ne. Tunda asalinsa nan ne, a Jigawa za a tantance shi, sai ya nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma da wuri.

In ka amince, ka turo min shi bayan kaka ya zauna wurina zuwa lokacin tantancewa. Akwai sussuka da ɗaukar buhu, ga filin makarantar firamare na gudun safe, ni kuma zan gaya maka abin da na gani tsakani da Allah. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce riɗinta na nan na ware mata, sai an sami mai tahowa.

Wassalam.

Naka har kullum,
Saje Haladu mai ritaya