Ɗigon kindirmo a ƙarƙashin madubin likita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu ja hankalin ɗaliban da ke binciken nonon da ake sayarwa a kasuwannin Katsina da Daura. Sai ka ga ɗalibi ya leƙa madubin likita sau ɗaya, ya zauna ya rattaba sunayen ƙwayoyin halitta kamar ya halarci raɗin sunansu. Madubi siffa yake nunawa da yadda ƙwayoyin suka jeru, ba ya faɗin suna.

Ɗigon kindirmo unguwa ce guda. Akwai masu kama da sanda, akwai dunƙulallu da ke jeruwa kamar carbi, ga yis da ya fi su girma nesa ba kusa ba, wani da ɗan toho a gefensa. Kafin a ga haka sai an sirka nonon da tataccen ruwa, kashi ɗaya cikin goma, a shafa shi siriri a gilashi, ya bushe da kansa, a gitta shi a harshen wuta sau uku.

Sai rinin Gram, mai raba ƙwayoyin gida biyu, masu fitowa shunayya da masu fitowa ruwan hoda, wanda ake amfani da shi tun 1884: rinin shunayya minti ɗaya, aidin minti ɗaya, alkohol daƙiƙa 10 zuwa 20, sannan jan rini. A wurin alkohol ɗin nan gizo ke saƙar. Ƙwayoyin da ke tsamar da nono shunayya ya kamata su fito. In alkohol ya daɗe sai su koma ruwan hoda, ɗalibi ya ɗauka irin ƙwayoyin bahaya ne, ya ɗora wa 'yar Fulani laifin hannunsa. In kuma shafin ya yi kauri, alkohol ba ya ratsa shi, masu ruwan hodar na gaskiya su ɓuya cikin shunayya.

A duba da gilashin madubin da ke ninka girma sau 100, da ɗigon man da aka yi don wannan aikin. Haɗe da na ido mai 10 ya zama 1,000. Kada man ya taɓa gilashi mai 40, dusashewa yake yi. Da hunturu a riƙa rufe madubin, don ƙura kan yi kama da ƙwaya.

Suna kuwa sai an raini ƙwayar ita kaɗai an yi mata gwaje-gwaje, ko an karanta wani sashe na ƙwayoyin gadonta da ake kira 16S. Muna roƙon malamai masu duba aikin ɗalibai kada su karɓi sakamakon Gram sai an rina ƙwayoyi biyu da aka riga aka san kalarsu, Staphylococcus aureus (shunayya) da Escherichia coli (ruwan hoda), tare da nonon a lokaci guda. In ta farkon ba ta fito shunayya ba, a sake aikin.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan ɗakin gwaji,
Katsina