Ba duk littafin da ke ɗauke da sunan Shankara ne nasa ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A maƙalar da kuka buga kan falsafar Indiya, marubucin ya jingina wa Shankara, malamin falsafar Hindu, zancen nan cewa Brahman, wato tushen dukkan samuwa, shi ne kaɗai tabbatacce, duniya ruɗi ce. Zancen yana cikin Vivekachudamani, littafi mai baiti kusan 580, wanda masu bincike da yawa ba su yarda Shankara ne ya rubuta shi ba. Ɗalibai suna kafa hujja da abin da kuka buga, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Shankara ɗan Kalady ne a Kerala, jagoran masu cewa ruhin mutum da Brahman abu guda ne. An saba cewa ya rayu daga 788 zuwa 820, masana na baya-bayan nan kuwa sun mayar da shi wajen 700 zuwa 750. Rubuce-rubuce sama da 300 ake danganta masa. Babban abin da ya jawo cakuɗewar shi ne shugabannin zaurukan ilimi huɗu da ake cewa shi ya kafa, a Sringeri da Dwarka da Puri da Joshimath, kowannensu laƙabinsa Shankaracharya har yau. Mai kwafar littafi ya ga laƙabin a ƙarshen rubutu, sai ya ɗauka na farkon ne.

Ma'aunin da ake tantancewa da shi sharhinsa ne na Brahmasutra, matani mai gajerun jimloli 555 a babi huɗu, domin babu mai jayayya cewa nasa ne. A 1950 Paul Hacker, Bajamushe, ya bi yadda sharhin ke amfani da kalmomi huɗu: avidya, namarupa (suna da siffa), maya (ruɗi) da ishvara (ubangiji). Ɗauki avidya, wato jahilci. A wurin Shankara kuskuren fahimta ne, ɗora sifar wani abu a kan wani, kuma misalin da ya kawo a gabatarwarsa shi ne mai hangen ɓawon kawa, wata halittar ruwa, yana ƙyalli ya zaci azurfa ce. Mabiyan da suka zo baya ne suka mayar da jahilcin wani sinadari da aka yi duniya da shi, mai ƙarfi biyu, na lulluɓewa da na ƙagowa. Wannan fasali na baya shi ke cikin Vivekachudamani.

Sai shaidar almajirai, wadda a ganina ta fi ƙarfi. Sureshvara, almajirin Shankara, ya yi wa sharhin malaminsa na Brihadaranyaka da na Taittiriya, biyu daga cikin Upanishad, tsofaffin littattafan addinin Hindu, bayani a waƙe, ya kuma ciro baitocin Upadeshasahasri, wani littafin Shankara, a nasa littafin. Sengaku Mayeda na Japan ya tace Upadeshasahasri daga rubutun hannu, ya buga a 1973. Da waɗannan, da sharhin Bhagavad Gita da na manyan Upanishad, su ne abin dogaro.

Ma'aunin kalmomi yana da iyaka, domin malami kan sauya lafazi idan ya shiga wani fanni. Shi ya sa har yanzu ba a daina saɓani ba kan ko Shankara ne ya rubuta sharhin Yoga da aka buga a Madras a 1952.

Roƙona ku buga gyara, ku rubuta "wanda ake jingina wa Shankara" a gaban wancan zance, ku kuma faɗi littafin da aka ciro shi.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya